DJ bai rera ba, bai kaɗa ba, to albam ɗin na waye? Fashin baƙi kan Endtroducing da yabon da ya sha

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samarinmu masu harkar sauti a nan Legas, daga masu ba da hayar sifika a Agege har yaran da ke tura waƙa a waya a Idi-Araba da Mile 12, wai shin DJ ɗin nan mai fasaha ne ko kuwa kawai mai kunna waƙar mutane ne da ya samu kayan aiki. Gardamar ta fi zafi in aka ji wani DJ ya fitar da albam ya manna sunansa da hotonsa a jiki, sai kaji wani yace to shi me yayi a ciki, muryar ba tasa ba, kiɗan furodusa ne yayi, shi dai ihun sunansa kawai muke ji a farkon waƙa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma bata cika ba, dan albam ɗin DJ iri biyu ne, kuma mu a nan iri ɗaya kawai muka sani.

Wanda muka sani shine na tara taurari. DJ yayi suna, yana da lambar kowa a wayarsa, mawaƙa suna jin nauyinsa tunda shi ya dinga kunna su a kulob da rediyo lokacin da ba wanda ya san da zamansu, sai ya kira wannan ya bashi baiti, ya kira wancan yayi amshi, a nemo mai kiɗa, shi kuma ya tsaya a matsayin uban taro. A Najeriya wanda ya buɗe wannan ƙofar da ƙarfi shine Jimmy Jatt, wanda ya taso da harkarsa daga Obalende, ya fitar da The Definition a 2007, kuma duk wanda yake Ikko a lokacin ya san yadda Stylee ta cika gari, waƙar da ya haɗa 2Face da Mode 9 da Elajoe a ciki. A Amurka ma DJ Khaled a kan wannan layin ya fitar da nasa na farko a 2006. Daga baya Spinall ya fito da nasa a 2015, Neptune a 2018, Cuppy a 2020. Ni bana raina wannan aikin fa, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa mawaƙa uku a situdiyo ɗaya a rana ɗaya cikin go-slow ɗin garin nan ya san ba wasa bane. Amma dai a wannan salon gwanintar DJ ta sanin mutane ce da sanin abin da zai tashi, ba lallai hannunsa ya taɓa kiɗan ba.

Ɗaya irin kuma shine DJ ya shiga ɗaki shi kaɗai, ba mawaƙi ba makaɗi, daga shi sai tulin tsofaffin fayafayai, ya fito da awa guda na kiɗa wanda ba wanda ya taɓa jin irinsa. Babban misalin wannan shine Endtroducing na DJ Shadow, wanda ya fito ran 16 ga Satumba 1996 a Ingila, kuma shine nake so mu warware yau, dan yadda masu sharhi suka karɓe shi ya fi albam ɗin kansa abin tattaunawa.

Sai mun ɗan koma baya kafin abin ya zauna. Hip hop ai DJ ne ya haife shi, ba mai rap ba. A watan Agusta 1973 a unguwar Bronx ta birnin Niyok, Kool Herc, wanda asalinsa ɗan Jamaika ne, ya lura masu rawa sun fi haukacewa a daidai gurin da mawaƙi yayi shiru aka bar ganga ita kaɗai tana tafiya, to gurin nan ɗan gajere ne, sai ya samo faifai biyu iri ɗaya ya ɗora kowanne a kan nasa injin, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mayar da na farko baya, a haka daƙiƙa goma ta koma minti biyar. Mai riƙe da makirfo a lokacin ɗan rakiya ne, aikinsa ya zuga taro ya kuma yabi DJ. Shi yasa in ka duba sunayen farko sunan DJ ne a gaba, Grandmaster Flash and the Furious Five, Eric B. and Rakim, DJ Jazzy Jeff and the Fresh Prince, eh wannan Fresh Prince ɗin shine Will Smith na fim. Da kamfanoni suka shigo suka gane fuska da murya ake saye, sai aka dinga tura DJ baya baya, har ya zamana a shekarun 1990 wasu masu rap ɗin in zasu hau dandali kaset kawai suke sakawa, DJ in ma yana nan to ado ne.

A cikin wannan yanayin Shadow ya taso. Sunansa Josh Davis, an haife shi 1972, Bature ne, ku riƙe wannan dan zamu dawo kansa, ya girma a wani ƙaramin garin jami'a mai suna Davis a Kalifoniya kusa da Sacramento, gurin da ba wanda zai ce hip hop zai fito. Ya fara da gidan rediyon ɗalibai na KDVS, a can ya haɗu da abokai irin su Blackalicious da Lyrics Born suka kafa ɗan kamfaninsu Solesides. Wanda ya hango shi da gaske kuwa ba ɗan Amurka bane, wani matashi ne a Landan, James Lavelle, mai kamfanin Mo' Wax, shi ya fitar masa da In/Flux a 1993. A 1994 mujallar Mixmag ta Ingila tana bayanin wannan kiɗan ta laƙaba masa suna trip hop, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa son sa ba, kullum cewa yake shi hip hop yake yi.

Kayan aikin da yayi albam ɗin da su in ka gani sai ka yi dariya. Injin juya faifai Technics SL-1200, na'urar ɗaukar sauti ta kaset Alesis ADAT, sai uwa uba Akai MPC60, wani akwati mai maɓallan roba 16 da ya fito a 1988, wanda zaka ɗauki gutsuren sauti daga faifai ka zuba a kan maɓalli ka dinga bugawa da yatsa. Matsalar akwatin nan ƙwaƙwalwarsa bata wuce ta daƙiƙa 13 ba, in an ƙara masa ta kai 26. Wayar da ke hannun ɗan acaba yau ta ninka shi sau dubbai. To wannan ƙarancin shi ya tilasta salon, tunda ba zaka iya kwaso rabin waƙar mutum ka ɗora ba, dole ka yanka ƙanana ƙanana, bugun ganga ɗaya daga nan, kukan fiyano daga can, wata murya daga faifan wa'azi ko na koyar da kiɗa, sannan ka sake jera su da hannunka yadda mai asalin ma in yaji sai ya yi da gaske zai gane kayansa. Gangar da ke albam ɗin musamman, ba wai ya kunna ta bane ya bari tana maimaituwa, ya farfasa ta ne bugu bugu ya sake kaɗawa da yatsu, har akwai waƙar Changeling da ya gina a kan ƙirga bakwai maimakon huɗun da kusan duk hip hop ke tafiya a kai. Wanda yace wannan ba kiɗa bane to ya zauna ya gwada.

Fayafayan kuma daga ina? Yawanci daga wani shagon tsofaffin fayafayai a Sacramento, shagon da hotonsa ke bangon albam ɗin, inda ake ganin abokansa biyu suna tono. Mai shagon ya bar shi yana sauka ɗakin ƙasa inda aka jibge dubban fayafayai da ba wanda ya saya, ƙura da duhu, ya kwashe shekaru yana shiga yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin Scratch na 2001 ya nuna shi a cikin wannan ɗakin. In kana son ka gane aikin to ka tuna 'yan jari-bola na Alaba Rago, abin da gari ya zubar shi suke bi, su san wanne ne tagulla wanne ne gwangwani, kuma idon da ke ganewar shine jarin. Shadow yana da wannan kunnen. A ciki akwai sanannu ƙalilan, gutsuren Metallica, na Björk, na Giorgio Moroder wanda daga nan ya ɗauko kiɗan da ya zama Organ Donor, da David Axelrod, amma mafi yawa mutane ne da suka yi faifai ɗaya ko biyu a shekarun 1960 da 1970 duniya ta manta da su. Ya haɗa aikin a situdiyon gidan Dan the Automator a San Francisco.

In ka saurara, ba kiɗan biki bane sam. In ka saka shi a gidan suna a Zango za'a ce maka sifika ta lalace. Kiɗa ne mai nauyi, mai sa tunani, na cikin dare, wani gurin ganga kamar zata fasa kunne wani gurin kuma kamar ana zaman makoki, wasu waƙoƙin sun haura minti bakwai har tara, kuma an jera su ne dan a ji daga farko zuwa ƙarshe ba a tsinci ɗaya ba.

Yanzu ga inda labarin yake. A Ingila abin ya fashe nan take, ya kai na 17 a jadawalin cinikin albam, wanda ga kiɗan da ba mawaƙi ba ƙaramin abu bane, jaridun kiɗa na can irin su NME suka ɗauke shi suka ɗora a ka, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix, wato abin da wancan yayi da gita shi wannan yayi da akwatin yanka sauti. A Amurka sai a watan Nuwamba ya fito kuma kasuwa bata wani motsa ba da farko, gidajen rediyon rap basu san inda zasu saka shi ba tunda ba mai rap, na rock kuma basu san shi ba. Amma masu sharhi sun tsaya masa, Robert Christgau wanda aka sani da rowar maki ya bashi A+, kuma a ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice ta ƙarshen 1996 ya zo na 4, Beck ne na 1, Fugees na 2. A 2001 kundin Guinness ya saka shi a matsayin albam na farko da aka yi gaba ɗaya da gutsuren sautin wasu. A 2006 mujallar Time ta saka shi cikin albam 100 mafi girma.

Ni a ganina albam ɗin ya cancanci yabon, wannan kam ba gardama. Inda nake da magana shine dalilin yabon da kuma bakin da ya fito. Waɗanda suka fi kururuta shi marubutan rock ne, yawancinsu Turawa, mutanen da dama can rap bai kwanta musu ba, suna ganin zagi ne da bindiga da alfahari da kuɗi. Sai ga wani yaro Bature ɗan garin jami'a ya kawo musu hip hop an cire masu rap ɗin, an bar musu kiɗa mai zurfi da zasu iya rubuta dogon turanci a kai. Shi yasa in ka karanta irin yabon zaka ji akwai habaici a ƙasansa, ana cewa yau ga wanda ya mai da hip hop fasaha, ya ɗaga shi sama, kamar da can ba fasaha bane. Alhali yanka sauti a jera ya zama sabon abu ai baƙaƙen Niyok sun daɗe suna yi, Grandmaster Flash ya fitar da faifan da ya haɗa da hannunsa daga fayafayan wasu tun 1981, Marley Marl ya fara yanka ganga bugu bugu a tsakiyar shekarun 1980, Bomb Squad sun yi wa Public Enemy gini mai hawa hawa a 1988, Prince Paul yayi wa De La Soul a 1989, ga DJ Premier ga Pete Rock. Bambancin kawai su akwai murya a saman nasu, sai masu sharhi suka tsaya kan muryar basu leƙa ƙasa ba. Dan adalci, shi Shadow bai taɓa ɓoye wannan ba, a takardar cikin albam ɗin ya jera sunayen magabata da yawa yana gode musu. Masu yabon ne suka tsallake gurin.

Amma shima ya basu sanda. Akwai wata 'yar gajeruwar waƙa a ciki, bata kai minti ɗaya ba, sunanta Why Hip Hop Sucks in '96, wato dalilin da yasa hip hop ya lalace a shekarar, amsar kuma murya ce guda tana cewa kuɗi ne. Shi daga cikin gida yake ƙorafi, irin na ɗan gida da yaga kasuwa na cinye al'ada, amma na waje suka ɗauka suka ce kun ji ko, ɗan cikinsu ma ya faɗa. Abin dariyar shine 1996 ɗin da yake kuka da ita yau ita ake kira shekarar zinare, a cikinta Jay-Z ya fitar da albam ɗinsa na farko, Fugees suka fitar da The Score, OutKast da Nas duk sun fito da aiki, 2Pac ya fitar da All Eyez on Me, kuma shi 2Pac ɗin ya rasu ran 13 ga Satumba, kwana uku kacal kafin fitowar Endtroducing. Kaga kenan a satin da Landan ke murnar an ceto hip hop, su masu hip hop ɗin a Amurka zaman makoki suke, ba wanda yake da lokacin wani kiɗa mara murya daga Sacramento.

Batun Guinness ɗin ma akwai 'yar ƙura. Ba ɗari bisa ɗari bane, akwai guraren da abokansa Gift of Gab da Lyrics Born suka saka murya kai tsaye, kaɗan ne amma akwai. Wannan bai rage komai daga aikin ba, sai dai yana nuna yadda ake son labari mai santsi, na farko a tarihi, shi kaɗai a ɗaki, dan ya fi daɗin bugawa a jarida.

Sai maganar shari'a, wadda ita ce dalilin da yasa irin wannan albam ɗin bai yawaita ba duk da yabon. A 1991 kotu a Niyok ta yanke hukunci kan wani mai rap Biz Markie saboda ya ɗauki gutsuren waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, aka janye albam ɗinsa daga kasuwa, daga nan kamfanoni suka tsorata, duk gutsure sai an nemi mai shi an biya. Wanda zai saka gutsure biyu a waƙa zai iya, amma mai gutsure ɗaruruwa fa? Wannan ma na cikin abin da ya tura irin su Shadow ɗakin ƙasa, faifan da ba wanda ya sani ba wanda zai kai ka ƙara a kansa da wuri. De La Soul kuwa rikicin izini da na kamfani ya hana tsofaffin albam ɗinsu shiga manhajojin sauraro har sai Maris 2023. Yau kuma da akwai manhajar da ke gane sauti cikin daƙiƙa da shafukan da masoya ke tona asirin kowane gutsure, ɓuyan ya ƙare.

Abin da yabon yayi wa shi mai aikin kuma wani darasi ne daban. Yaro ɗan shekara 24 aka ce masa ka yi aikin da ba za'a sake ba, to me zai yi gobe? Yayi aiki da Lavelle a ƙungiyarsa ta kiɗa mai suna UNKLE a 1998, ya fitar da The Private Press a 2002 aka ce yayi kyau amma bai kai na farko ba, da ya gaji a 2006 ya fitar da The Outsider ya cika shi da masu rap na yankinsu da salon hyphy da ake yayi a Oakland lokacin, wato ya koma gurin hip hop ɗin titi da yace dama shi nasa ne, sai waɗanda suka ɗaga shi suka juya masa baya, masoya suka ce ya ci amanarsu. A nan ne zaka gane me suka so tun farko, ba shi suka so ba, hip hop mara masu rap suka so. A Disamba 2012 ma a wani kulob a Mayami an tsayar da shi yana tsakiyar aiki aka ce kiɗan nasa bai dace da manyan kwastomomi masu sayen kwalaben giya ba. Duk DJ ɗin da aka taɓa zuwa aka raɗa masa a kunne a gidan biki cewa Hajiya tace a canja a saka na rawa, ya san wannan zafin, bambancin kawai shi wannan yana cikin kundin Guinness.

To mu dawo gida. Me yasa a Legas, ɗaya daga garuruwan da suka fi fitar da kiɗa a Afirka, albam ɗin DJ kullum na tara taurari ne? Na ɗaya kasuwa. A zamanin da Alaba International ke riƙe da rarraba waƙa, abin da ɗan kasuwa zai buga a CD shine mai sunaye ashirin a bango, kuma mikis ɗin Alaba shi ya koya wa kunnenmu cewa aikin DJ shine jera abin da ke tashe. Na biyu mu kiɗa na taro ne a gurinmu, biki, suna, kulob, mota, ba mu cika zama mu kaɗai da abin kunne muna sauraron awa guda ba murya ba. Na uku kuma sharhin kansa. In albam ɗin DJ ya fito a nan tambayar da ake yi wace waƙa ce zata tashi, wa da wa ke ciki, wa aka bari. Lokacin da Cuppy ta fitar da nata rabin surutun da aka yi kan mahaifinta Femi Otedola ne da kuɗinsa, ba kan yadda aka jera kiɗan ba. A Hausa kuwa abin ya fi muni, mu sharhin waƙa a gurinmu ko dai yabo ko zagi, ko kuma a koma gardamar halal da haram, da wuya kaga wanda ya zauna yace ga abin da mai kiɗan nan yayi da ganga a minti na biyu. Yaran situdiyo na Kano da Kaduna da Jos da suke kwana kan fiyano suna haɗa kiɗan da ake rawa da shi a duk bikin Agege, sai dai a ambaci sunansu a wutsiyar waƙa in an ga dama.

Kuma abin haushin, ɗakin ƙasa irin na Sacramento muna da shi, ya ma fi nasu. Legas ce cibiyar buga faifai a shekarun 1970, ga Decca ga EMI, har Paul McCartney, shahararren mawaƙin Ingila na ƙungiyar Beatles, a situdiyon EMI na nan yayi aiki a 1973. Su waye suka zo suka tone? Turawa. Kamfanin Strut ya fitar da Nigeria 70 a 2001, Soundway suka biyo da nasu jerin, Luaka Bop suka tattara William Onyeabor a 2013, har kiɗan finafinan Hausa wani kamfanin Amurka Sahel Sounds ya tattara ya buga a faifai a 2013. Mu kuma fayafayan iyayenmu ruwan sama ya cinye su a bayan ɗaki. In ka shiga Jazzhole a titin Awolowo na Ikoyi zaka ga ragowar, da farashin da zai sa ka tuna wanda ka zubar.

Ta ɓangarenmu ga Shata, ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ga Haruna Uje da gurmi, Garba Supa da Ahmadu Doka da kukuma, Barmani Choge da ƙwarya, ga kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, ga abin da ke jibge a ma'ajiyar Rediyon Kaduna. Sai dai mai son yi wa waɗannan irin aikin Shadow zai ci karo da abubuwan da shi bai gani ba. Fayafayan funk da soul da ya yanka akwai gurin da mawaƙi ke shiru a bar ganga, namu kuwa da wuya, Shata na sauke baiti 'yan amshi sun ɗauka, maroƙi na ihu a gefe, kuma yawanci makirfo ɗaya aka ɗauka da shi dan haka komai a cakuɗe yake. Sannan kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe, gudunsa na ƙaruwa yana raguwa yadda taro ya ɗau zafi, in ka yanka shi ka tilasta masa ƙirgar kwamfuta sai ya mutu a hannunka, ko kuma ka yanke kirari a tsakiya ka haɗa da wani ya ba da ma'anar da mai jin kalangu zai ce kai wa kake zagi. Manhajojin raba murya da kiɗa na yanzu sun rage matsalar farko, ta biyun kam sai mai kunne. Ga kuma cewa yawancin waƙoƙin nan na wani ne, an yi wa sarki kaza ko attajiri kaza, jikokinsa suna nan da ransu, ka ɗauki kirarin kakansu ka ɗora a kiɗan kulob kaga yadda za'a kwashe.

Izini kuma biyu ne ba ɗaya ba, nan ne yaranmu ke faɗawa rami. Akwai haƙƙin ita waƙar, kalmomi da karinta, akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi, wato shi sautin da ke kan faifan ko kaset ɗin. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, na farkon yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na biyun shekara 50 daga fitowarsa. Shata ya rasu 1999, kenan waƙoƙinsa na hannun magada har 2069 ko da faifan da ka samo na 1970 ne wanda haƙƙin ɗaukarsa ya ƙare. Ɗan Maraya ya rasu 2015, lissafa da kanka. Wanda kuma aka ɗauka a gidan rediyo ko wani ɗan kasuwar kaset ya ɗauka a gurin biki ba takarda ba komai, kafin ka gano wa zaka je ka gaisar ma aiki ne, kuma in waƙar ta tashi a TikTok ranar zaka ga masu ita sun fito su goma.